Noboru Ya Je Ɗauko Kaka

Idan ana jera masu tsoron doka a ƙasar Japan, a fara da taubashina Noboru, sannan a ba da tazarar tafiyar kwana uku kafin a ambaci na biyu. Mutum ne da zai tsaya jiran koriyar fitila a mararrabar da rabonta da mota tun zamanin kakanni, rana tana gasa masa ƙeya, kwaɗin fadama suna yi masa dariya. Ba haka aka haife shi ba. Muna yara shi ne sarkin ɓarayin kankana na ƙauyenmu. Hukuma ce ta lanƙwasa shi a hankali, yadda tsofaffi ke lanƙwasa ɗan itacen tukunya da waya.

A ɗakin bayan wata mashaya ta bakin tasha aka haife shi, inda uwarsa Malai, 'yar ƙasar Thailand, take zuba wa manoma giya. Bizarta ta ƙare tun kafin cikinsa ya fito. Ubansa kuwa Kawu Tsutomu ne, ƙanen mahaifiyata, direban babbar mota, wanda ya iya waƙa ya iya alkawari amma bai iya sa hannu ba. Aka ce ya je ofishin gari ya amsa ɗansa a rajistar iyali, ya ce gobe. Goben nan ta yi shekara shida, har motar ta kife da shi a hanyar arewa. Shekara guda bayan haka aka kai samame mashayar, aka kwashe matan aka sa su jirgi. Malai ba ta ce tana da ɗa ba, don kada a haɗa da shi. A ranar yana gidan Kaka Tome, mahaifiyar ubansa, kuma can ya ci gaba da zama.

Kaka Tome tsohuwa ce da shukar shinkafa ta naɗe mata baya, har ta fi sanin fuskar ƙasa da ta mutane. Sau ɗaya ta dubi kunnuwan yaron, kunnuwan gidanmu masu kama da marfin tukunya, ta ce, “Wace takarda kuma ake nema? Ga takarda nan guda biyu a gefen kansa.” A wurinta magana ta ƙare ke nan. Makarantar ƙauye ta karɓe shi ba ta tsananta tambaya ba. Ya gama abin da ya samu, ya shiga gona.

Yana da shekara ashirin ɗan sanda ya tsayar da shi wata yamma saboda fitilar kekensa ta mutu. Ya nemi katin shaida, babu. Ya nemi wani abu mai suna da hoto, babu. Daga fitilar keke sai ga Noboru a gidan tsare baƙi na hukumar shige da fice, wata takwas, da umarni a rubuce cewa ya koma ƙasarsu. Shi kuwa abin da ya sani game da ƙasar tasu bai wuce cewa suna son barkono ba.

Daga baya aka yi masa sakin talala. Mahaifiyata Michiyo, gwaggonsa, ita ta tsaya masa ta danna hatiminta. Aka ba shi takarda guda da sharuɗɗa. Ba zai yi aikin albashi ba. Ba shi da inshorar asibiti. Duk wata zai je birni ya nuna fuska a sabunta masa. Kuma ba zai fita daga jiharmu ba sai da izini a rubuce.

To, a nan gizo yake saƙar. A da can babban kogi ta bayan ƙauyenmu yake bi, shi ne iyaka tsakanin jiharmu da maƙwabciyarta. Masu mulkin dā suka karkatar da kogin, suka manta ba su tafi da iyakar ba. Abin da ya rage a gurbinsa wata 'yar magudana ce wadda kaza mai ciwon ƙafa za ta tsallake, an ɗora mata katako guda. Gidanmu yana wannan gefe. Haikalin ƙauye da maƙabartarmu suna hayi, tafiyar minti goma ta cikin shinkafa. Karen gidanmu kan shiga wata jiha sau goma a wuni ya ɗaga ƙafa ya dawo, ba wanda ya taɓa neman takardarsa.

Shekara goma sha ɗaya Noboru bai taka katakon nan ba. Nakan tsaya a hayi in buɗe hannuwa.

“Kai baƙo! Zo ka ga ƙasar waje! Nan har iskar ma ta fi daɗi!”

“Isamu, bakinka zai kashe ka.”

“Taku uku ne fa. Wa zai gani? Kwaɗi?”

“Kwaɗin ma ban yarda da su ba. Akwai mai kama da kai a ciki.”

Idan hularsa ta faɗa hayi sai ya jira wani ya miƙo masa. Duk ranar sa hannu tun jirgin ƙasa na farko yake fita, da buroshin haƙora da kamfai biyu a jaka, don a ofishin nan ƙofa biyu ce: ta dama mai mayar da kai gida, ta hagu mai haɗiye ka. Ba ka sanin wadda za a nuna maka sai ka zauna. Fiye da sau ɗari ya dawo ta dama, Kaka tana bakin ƙofa da gasasshen kifi, tana faɗa wai ya daɗe.

Kaka ta rasu ƙarshen hunturu, tana da shekara casa'in da ɗaya. Shi ya yi jinyarta, shi yake goya ta zuwa wanka. Kwana biyu kafin ta cika ta kama hannun rigarsa ta ce, “Idan Obon ya zo kai za ka je ɗauko ni. Kar ka bar wa Isamu. Zai tsaya surutu a hanya ya manta da ni a cikin shinkafa.” Ina zaune a wurin, kuma ban yi musu ba.

Ranar da aka kai ƙasusuwanta kabari bayan ƙona gawa irin na al'adarmu, a bakin katako ya tsaya cikin baƙar kwat ɗin aro, yana jiyo ƙararrawar haikali daga nesa. Ya haƙura da wannan. Amma Obon, bikin da matattu suke ziyartar gida duk Agusta, ba abin wasa ba ne, balle na fari bayan rasuwa. Mamaci bai saba da hanyar gida ba tukuna, sai nasa ya je kabari ya kunna fitila, ya goyo shi, ya kawo wutar har teburin magabata ba ta mutu ba. Saboda haka tun watan Yuni Noboru ya cika takardar neman izini da rubutunsa mai kama da na ɗan aji uku, ya miƙa ta taga.

Ma'aikacin ya ce, “Wace ce ita a wurinka?”

“Kakata ce.”

“Da me za ka nuna?”

Ya kawo rajistar iyali. Ma'aikacin ya bi ta da yatsa daga sama har ƙasa, ya sake bi. Ga Tome, ga Michiyo, ga Tsutomu an ja masa layi. Ba Noboru. Ya ɗan sunkuyar da kai cikin ladabi ya ce, “Malam Noboru, a takarda dai kabarin wata tsohuwar maƙwabciya kake son ziyarta.” Noboru ya ce min saura kaɗan ya nuna masa kunnuwansa. Amsa ta fito a wata mai zuwa, layi ɗaya: ba a amince ba.

Ranar sha uku ga Agusta gyare suna kuka kamar ana biyan su. Da safe ya soka wa kokwamba tsinke huɗu ya zama dokin da Kaka za ta zo da sauri, ya soka wa yalo huɗu ya zama saniyar da za ta mayar da ita a hankali. Shawarar da aka yanke a gida ita ce ni zan je kabari in kunno fitilar, in miƙa masa a bakin katako. Ya ce to. Da la'asar sakaliya muka fita, shi yake riƙe da fitilar takarda mai tambarin gidanmu. Da muka isa magudana na miƙa hannu. Bai ba ni ba. Ya daɗe yana kallon katakon, guminsa yana ɗiga a kai. Ya san sharaɗin takardarsa fiye da yadda ya san sunansa. Amma abin da yake gani shi ne tsohuwa tana zaune a kan dutsen kabari tana leƙen hanya, sai ga Isamu.

Ya ce, “Za ta ce na aiko yaro.”

“Na girme ka da wata bakwai, mara kunya.”

Ya taka. Taku uku ne, kamar yadda na sha gaya masa. Ƙasa ba ta tsage ba.

Abin da ba mu sani ba, ofishin gwamnati ba ya hutun Obon. Kuma sukan aiko mutane lokaci-lokaci, ba sanarwa, su duba ko mai sakin talala yana zaune inda ya ce. Shekara uku rabon da su zo. Muna wanke dutsen kabari, su biyu suna ƙofar gidanmu cikin fararen riguna, babba da ƙarami.

Mahaifiyata ta tarbe su da fara'a. Suka tambayi Noboru. Ta ce, “Ai ya je ɗauko Kaka, yanzu zai dawo.” Babban ya ce a wane haikali. Ta nuna musu rufinsa da hannu, har tana ƙara musu da cewa shekararsa ɗari huɗu. Ita da ta tsara a miƙa fitila a bakin katako, a ranta ba ƙarya ta yi ba kuma ba asiri ta tona ba, haka kowa yake cewa a ranar. Kuma a bakinta haikalin bai taɓa zama wata jiha ba, bayan gida ne. Baƙi a ranar Obon ba a barin su a tsaye. Ta shimfiɗa musu matasai a barandar baya inda iska ta fi kaɗawa, ta kawo shayin sha'ir mai sanyi da yankan kankana. Duk faɗin gidan nan ba inda ake hango katakon magudana tar kamar barandar baya.

Suka zauna suna tofar da 'ya'yan kankana a faranti, suna kallon mutum yana tahowa daga hayi ta cikin shinkafa. Hannunsa na dama riƙe da fitila, na hagu a bayansa kamar mai tallafe goyo, ya ɗan duƙa. Da ya zo katako har suka ji muryarsa: “Kaka, riƙe da kyau, ga magudana.” Sai da ya sauko wannan gefe ya ɗaga kai ya gan su.

Bai tsaya ba, don ba a tsayawa da goyo. Su ma suka miƙe, suka gyara riguna, suka rusuna wa fitilar, don su ma suna da matattu. Ya wuce ta tsakaninsu ya shiga, ya durƙusa gaban tebur ya juya baya ya ce, “Sauka, mun iso.” Ya ɗauki wutar ya kunna kyandir. Ta kama. Babban ma'aikacin ya nemi izini ya kunna turare ɗaya, ya haɗa tafin hannu. Da ya gama ya ciro ɗan littafi daga aljihu ya duba agogo ya rubuta. A ƙofa ya gode wa mahaifiyata da kankana, ya ce wa Noboru, “Sai ranar ashirin da biyu ga wata.”

Mahaifiyata ta zauna a ƙasa tana dukan cinyarta. “Ni na ba su matashi! Ni na zaunar da su!”

“Gwaggo, bari. Ni na taka.”

Washegari ya kira Lauya Sugiura, wata mata da take bin shari'ar irinsu ba ta karɓar komai. Ta ce sau ɗaya ana iya roƙo, a ce juyayi ne ya ruɗa shi, za ta rubuta, za ta haɗa da wasiƙar malamin haikali. Amma ta san ranar sha shida ake mayar da matattu. Ta ce, “Ka ji ni da kyau. Na biyu ba kuskure ba ne, ganganci ne. Ka ba ɗan'uwanka fitilar.” Ya ce ya ji.

Kwana uku yana kai wa Kaka shinkafa da shayi safe da yamma, yana ba ta labarin gona. Ranar sha shida da yamma ya kunna fitila daga kyandir, ya durƙusa ya juya baya. Mahaifiyata ta tare ƙofa.

“Noboru, don girman wadda ka goya.”

“Gwaggo, na ɗauko ta a baya, sai in sauke ta a bakin kwata in ce ta ƙarasa da ƙafa? Da wannan bayan nata?”

Ya kai ta. Ba wanda ya gan mu sai wata zalɓe, ita kuma ba ta da littafi.

Ranar ashirin da biyu, ranar sa hannu, na raka shi birni. A jirgi na yi ta koya masa magana. Na ce ka ce sau ɗaya, ni da nake ƙarya tun ina cikin zani ba a taɓa kama ni ba, ka ari bakina na minti biyar. Ya ce to. Aka kira lambarsa ya shiga. Lauya ce ta gaya mana yadda aka yi. Suka tambaye shi sau nawa ya fita daga jiha ba izini. Ya ƙirga a yatsa ya ce, “Sau biyu. Idan da zuwa da dawowa ne, huɗu.” Wai har mai rubutun sai da ya ɗago ya dube shi. Na jira a kan benci har aka fara kashe fitilu. Wani ya fito ya miƙo min ɗamararsa da igiyoyin takalminsa a leda.

Ba alƙalin da ya gan shi. Abin da na kasa fahimta ke nan, ni da ban yi nisa a makaranta ba, na kuma tarar waɗanda suka yi nisan ma ba su fahimta ba. Lauya Sugiura ta ce ɓarawon da ya fasa kanti ana kai shi gaban alƙali, a yanka masa shekara biyu, ya riƙa cire kwanaki. Wanda aka tsare don a kore shi kuwa ba a yanka masa komai, hukumar da ta kama shi ita take cewa ya zauna, ita take cewa ya fita. Ta ce yana da haƙƙoƙi, ta lissafa mana su: ya ga lauya, a ziyarce shi na rabin sa'a ta bayan gilashi, ya rubuta takardar neman likita, ya nemi a sake yi masa sakin talala ko sau nawa yake so. Na ce, to idan suka ƙi, yana da haƙƙin a gaya masa dalili? Ta cire tabarau ta goge.

Su biyar ne a ɗaki, daga ƙasa biyar, tagar mai dishi-dishi ce ba a ganin waje. Shi kaɗai ne yake magana da harshen masu gadi, har da karin ƙauyenmu, saboda haka shi yake cika wa kowa takardar likita. A allon ƙofa an rubuta lambarsa da sunan ƙasar Thailand. An taɓa kawo wani sabon tsararre ɗan can, ya ga allon ya rungume shi yana zuba masa yare yana kuka. Noboru ya yi ta rusunawa yana ba shi haƙuri. Haƙorinsa ya yi ciwo ya rubuta takarda, likita ya gan shi bayan kwana ashirin da shida, lokacin kuncin ya kai girman kabewa. Wannan kam ban ƙara ko kwana ɗaya ba. Wani ɗan Nepal da ke kwana kusa da shi ya daina magana a wata na tara, ya daina ci a na goma, aka fita da shi a keken marasa lafiya, ba a sake jin labarinsa ba.

Sau huɗu lauya ta nemi saki, da wasiƙar malamin haikali da hatiman mutanen ƙauye sittin da uku. Sau huɗu layi ɗaya yana dawowa. Takarda ɗaya ce kullum a shirye: wadda zai sa hannu ya yarda a sa shi jirgi. Duk wata sai an tura masa ita ta kan tebur, cikin ladabi, da biro a kai. Yakan mayar da biron ya ce ya gode.

Da Agusta ta zagayo na je ziyara. Mutumin da yake ɗaukar buhun shinkafa biyu ya koma kamar sandar shanya, kunnuwan ne kawai ba su rame ba. Rabin sa'ar nan kaf a kan fitila ta ƙare.

“Ka sayi sabon kyandir, kar ka yi rowa. Ka wanke dutsen tukuna. Ka gaya mata ba aike na yi ba, tsare ni aka yi. A'a, kar ka gaya mata. Ka ce ina mura.”

“Mura a Agusta?”

“Kai ne gwanin ƙarya, ka gyara ta. Kuma ka rufe bakinka a hanya. Idan ka zo katako ka ce ta riƙe.”

Na je. Na wanke dutse, na kunna, na duƙa na ce ta hau. Ban yi wa kowa magana ba, har tsoho Genzo ya gaishe ni na wuce kamar kurma. Ina taka katakon iska ta taso daga fadama, wutar ta yi rawa sau ɗaya ta mutu. Na tsaya a tsakiyar magudana, ƙafa ɗaya a kowace jiha, da hannu a baya. Na ciro ashana na sake kunnawa na ƙarasa gida.

Mako na gaba na koma. Bai ko gaishe ni ba, ya matso da bakinsa wajen 'yan hujojin gilashin.

“Ta iso?”

“Ta iso mana! Ai ba ka ga iskar da aka yi ba, ta ɗauke rufin Genzo, ta kayar da saniya, amma wutar nan ko gezau. Mutane har fitowa suka yi suna kallo.”

Ya daɗe yana dubana.

“Genzo ba shi da saniya.”

“Ya sayi ɗaya.”

“A ina wutar ta mutu?”

Na ce a katako. Ya gyaɗa kai a hankali, kamar wanda aka gaya wa abin da ya riga ya sani.

“Ba ta yarda da bayanka ba ne. Tana can a hayi tana jira.”

Mai gadi ya ƙwanƙwasa ƙofa ya ce lokaci ya yi. Noboru ya miƙe, yana riƙe da wandonsa da hannu ɗaya saboda ba ɗamara. Ya ce in gaya wa lauya ta sake rubutawa karo na biyar, kuma idan sun tura masa takardar jirgi a wannan watan ma biron zai mayar musu. A bakin ƙofa ya juyo.

“Isamu, ka leƙa ka ce mata ta ƙara haƙuri. Daga wannan gefen ma tana ji, idan ka ɗaga murya.”